Daga Zangon Raƙuma zuwa Wayar Salula

Kafin zuwan Turawa, Fagge zango ce ta ayarin Azbinawa, inda ake sauke gishiri a wajen ganuwa. Kaya da labari duk tafiyar raƙumi suke yi, wata da watanni. A 1911 dogo ya iso Kano, a 1913 aka yanki Sabon Gari domin baƙin da jirgin ya kwaso. Jirgin sama kuwa ya fara sauka a 1925.

Amma a ganina babu abin da ya girgiza mutane irin silima. Bayan Kwarori sun buɗe Rex a Sabon Gari a 1937, jama'a suka ga mutum yana motsi yana magana a jikin gini. Dodon bango ake ce wa abin, malamai kuma suka yi ta ja a kan halaccinsa. Abin mamaki, marubutanmu ba su cika waiwayar wannan zamani ba.

Wayar salula ta shigo a 2001, sannu a hankali dodon ya sauko daga bango ya shige aljihu. Yau ɗan canjin Wapa yana bisa benci yake jin farashin dala, ɗan Kwari kuma ya zaɓi atamfa a ƙasar Sin bai ɗaga daga shagonsa ba.