Ƙauyukan kewayen Maraɗi: abin da sunayensu ke nunawa

In muka dubi taswirar kewayen Maraɗi, za mu tarar ƙauyukan sun kasu kashi biyu. Na farko suna jere a bakin Gulbin Maraɗi, kamar Tarna, Sumarana da Jiratawa. Wannan cunkoso ba albarkar fadama kaɗai ta kawo shi ba. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan da aka kora ta kafu a Maraɗi wajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836. Yaƙi da ƙasar Sakkwato bai lafa ba tsawon ƙarnin, don haka talaka bai iya yin nisa da kurmin gulbi da garuruwa masu shinge.

Kashi na biyu yana kan tudu. Da hare-hare suka ƙare a farkon mulkin Faransa, magidanta suka fita saran daji, kowa ya gina rijiya, wurin ya ɗauki sunansa: Gidan wane, Garin wane (taswirorin Nasara na rubuta "Guidan"). A ganinmu irin wannan suna shaida ce ta ƙuruciyar gari, tunda ana tune da mai shi. Sunayen fadama kuwa ba su fassaruwa da sauƙi, kuma bayanin da ake ba mai bincike sau da yawa daga baya aka ƙaga shi.

Birnin kansa ya hau tudun bayan ambaliyar 1945.