Jirgin ƙasan cikin birnin Abuja: Tarihi, aiki da abin da ya rage

Jirgin ƙasan cikin birnin Abuja, babban birnin tarayyar Najeriya, shi ne irinsa na farko da ya fara jigilar fasinjoji a ƙasar. Ba kamar na Landan ko na Alƙahira ba, wannan jirgi a doron ƙasa yake tafiya, amma manufar ɗaya ce: rage cunkoson motoci da sauƙaƙa wa ma'aikata zuwa wurin aiki.

Sai dai tun daga ranar da aka ƙaddamar da shi ake ta muhawara a kan ko an shimfiɗa layin ne a inda jama'a suka fi bukatarsa.

Asalin shirin

A shekarar 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasar daga Legas, inda cunkoso ya yi katutu. Taswirar da aka zana wa sabon birnin a 1979 ta keɓe filaye domin hanyoyin sufurin jama'a, amma har gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamban 1991 ba a aza ko ƙarfe ɗaya ba.

Sai a 2007, gab da ƙarewar mulkin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka bai wa kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar aikin. Rashin kuɗi ya sa aikin ya yi ta tafiyar hawainiya, har sai da gwamnati ta karɓo rancen dalar Amurka miliyan 500 daga bankin Exim na Sin. Jimillar kuɗin kashin farko ta haura dala miliyan 800.

Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da jirgin ranar 12 ga watan Yulin 2018, wato shekaru 11 bayan sanya hannu a kan kwangilar.

Yadda layin yake

Kashin farko yana da tsawon kimanin kilomita 45, da tashoshi 12, kuma ya rabu gida biyu.

Reshe na farko ya tashi daga tsakiyar birni, ya bi ta filin wasa na ƙasa, da Kukwaba, da Wupa, da Idu, da Bassanjiwa, ya ƙare a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Reshe na biyu kuma ya tashi daga Idu, ya nufi Gwagwa, da Dei-Dei, da Kagini, zuwa Gbazango a yankin Kubwa.

Jiragen da man dizal suke aiki, ba da lantarki ba.

Idu ita ce cibiya. A nan ne ake da wurin ajiye jirage da gyaransu, a nan kuma layin ya haɗu da na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016. Saboda haka matafiyin da ya fito daga Dandamisa a ƙaramar hukumar Makarfi, ko daga Ikara ko Kudan, zai iya shiga mota zuwa Kaduna ta Zariya, ya hau jirgi a Rigasa, ya sauka a Idu, sannan ya sake jirgi zuwa tsakiyar birni ko filin jirgin sama.

Shekaru huɗu a ajiye

Ba a yi shekaru biyu da fara aiki ba aka dakatar da jirgin a 2020 saboda annobar korona. Annobar ta lafa, amma jirgin bai dawo ba. A tsawon lokacin da ya yi a ajiye, ɓata-gari sun sace wayoyi da na'urorin ba da sigina, gwamnati kuma ta sake kashe kuɗi wajen gyara abin da aka riga aka biya, alhali ga bashi a wuya.

Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da jirgin ranar 29 ga watan Mayun 2024, bayan da ministan birnin tarayya, Nyesom Wike, ya sa an yi gyare-gyare, an kuma gina hanyoyin mota zuwa wasu tashoshin da a da ke cikin daji. Shugaban ya ba da umurnin a ɗauki fasinjoji kyauta har ƙarshen shekarar.

Ina fasinjojin suke?

Wannan ita ce babbar tambaya. Tsadar haya ta kori akasarin ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa bayan gari. Dubban mutane ne ke kwararowa kowace safiya daga Nyanya da Karu, da kuma Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, suna shafe sa'o'i a kan hanyar Keffi. Kashin farko bai taɓa wannan ɓangare ba ko kaɗan.

Haka kuma bai ratsa ta kasuwar Wuse ko tsakiyar Garki ba. Wanda ya sauka a babbar tasha sai ya sake neman tasi, wanda kuma ke zaune nesa da tashar unguwarsu sai ya fara biyan kuɗin acaɓa ko Keke Napep. Idan aka haɗa lissafi, sau da yawa motar haya ta fi sauƙi.

Shirin faɗaɗawa

Cikakken tsarin ya tanadi layuka masu tsawon kusan kilomita 290, waɗanda za a gina kashi shida. Daga cikinsu akwai wanda zai ratsa unguwannin Garki da Wuse da Utako da Jabi, da wanda zai kai Nyanya da Karu, da kuma na Kuje da Gwagwalada. Waɗannan su ne za su kai jirgin bakin ƙofar talaka, kuma su ne suka fi wahalar ginawa, domin dole a ratsa wuraren da gine-gine suka cika, a kuma biya diyya.

Abin koyi

Alƙahira ta buɗe layinta na farko a 1987, birnin Aljiyas a 2011, Addis Ababa kuma a 2015. A Najeriya, gwamnatin soja ta soke shirin jirgin Legas na Gwamna Lateef Jakande a 1985, birnin kuma bai samu nasa ba sai a 2023.

Gwamnatocin jihohin Kano da Kaduna sun sha bayyana aniyar gina irin wannan jirgi a manyan biranensu, yayin da aka aza harsashin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano ta Zariya a 2021. Abin da ya faru a Abuja ya nuna cewa shimfiɗa ƙarfe somin taɓi ne. Kafin a ciyo bashi, sai an san daga ina jama'a ke fitowa, ina za su, da kuma wanda zai kula da kayan bayan an yanke ƙyalle an watse.