Sinadarin Gulutin a Abubuwan Shan Biki a Kado, Abuja: Nazari kan Ruwan Inabi da Lemon Malt

Tsakure

Wannan maƙala ta auna abubuwan shan da ake rabawa a bukukuwan unguwar Kado da ma'aunin abinci marar gulutin. Ta nuna cewa ruwan inabi, mai kumfa da marar kumfa, ba shi ne abin tsoro ga mai cutar siliyak ba. Haɗarin yana cikin lemon malt da injin niƙan haya.

Gabatarwa

Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da danginsu, shi ke sa ƙullin burodi yauƙi. Ga mai siliyak, ɗan kaɗan daga cikinsa yana tunzura garkuwar jiki ta lalata bangon ƙaramin hanji, sai gudawa da rama da ƙarancin jini su biyo baya. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya tabbatar da alaƙar cutar da alkama a kundin digirinsa na 1950. An daɗe ana ɗaukar ta cutar Turawa, har zuwa 1999 da binciken Carlo Catassi da abokan aikinsa ya same ta a jikin kashi 5.6 cikin ɗari na yaran Sahrawi da aka gwada, alhali a duniya ba ta wuce kusan kashi 1 ba. Ashe Afirka ma ba ta tsira ba.

Kado, maƙwabciyar Jabi da Gwarinpa, mahaɗa ce ta al'ummomi. A teburin biki guda akan ga kwalbar inabi mai kumfa, da lemon malt, da kunun zaƙi, da zoɓo. Musulmi ya riga ya bar barasa saboda addini, amma tambayar gulutin ta shafi kowa.

Hanyar Nazari

An bi kowane abin sha tun daga kayan haɗinsa har zuwa kwalba, aka gwada shi da ƙa'idar Hukumar Codex Alimentarius da aka sabunta a 2008: abinci marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilogiram ɗaya.

Sakamako da Tattaunawa

Inabi ɗan itace ne, ba ya ɗauke da gulutin. Kumfar shampen daga sukari da yisti take fitowa yayin ruɓawa ta biyu a cikin kwalba. Nau'in da ba shi da barasa kuwa iskar gas ake ɗura masa. Sai dai ƙofofi biyu ne gulutin kan iya shiga ruwan inabi ta cikinsu: tace giya da furotin alkama maimakon yumɓu ko farin ƙwai, da liƙe murfin gangar katako da ƙullin alkama. A duka biyun, abin da ke saura yawanci bai kai iyakar Codex ba.

Lemon malt ne ke yaudarar mutane. Da yake babu barasa a cikinsa, akan miƙa wa yaro da marar lafiya da zuciya ɗaya. Amma da tsiron hatsi ake yin sa. Haramta shigo da tsiron sha'ir a 1988 ya tura masana'antun Najeriya ga dawa, sai dai bayan ɗage haramcin, sha'ir ya dawo cikin haɗin. Rashin barasa daban, rashin gulutin daban.

Gero da dawa da acca da zoɓo duk ba su da gulutin. Matsalar kunu ita ce injin unguwa: wanda ya ɓarza alkamar alkaki da safe shi ne zai markaɗa geron kunu da hantsi, ba tare da wanki ba.

Kammalawa

Mai siliyak ya fi samun aminci da ruwan inabi zalla da zoɓo fiye da lemon malt. Ya kamata hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta ƙarfafa bayyana alkama da sha'ir ɓaro-ɓaro a jikin kwalba, masu abincin biki su ware injin gero, likitoci kuma su riƙa gwada siliyak ga yaron da gudawarsa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Iyayen irin wannan yaro su karanta kayan haɗin kowace kwalba kafin su buɗe masa.