Tarihin Talabijin: Daga Akwatin Baƙi-da-Fari Zuwa Daɗin Kowa

Da yawa daga cikinmu idan aka tambaye mu daga ina Kannywood ta samo asali, sai mu ce daga finafinan Indiya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma uwar da ta goya harkar fim ɗin Hausa ita ce talabijin. A can aka fara koyon tsayawa gaban kyamara, a can aka fara sanin fuskokin 'yan wasa, kuma ta nan ne ma finafinan Indiyan suka shiga har cikin ɗakunan iyayenmu mata.

Yadda abin ya faro

Ba mutum ɗaya ne ya ƙirƙiri talabijin ba. Sunan da aka fi ambata shi ne John Logie Baird, ɗan ƙasar Sikotilan, wanda ya nuna na'urarsa a Landan ranar 26 ga Janairu, 1926. Tasa tana aiki ne da wani faifai mai huje-huje da ke juyawa, hoton kuma dishi-dishi, da ƙyar ake gane fuskar mutum. A 1927 wani matashi a Amurka mai suna Philo Farnsworth, yana ɗan shekara 21, ya aika hoto da lantarki zalla, babu faifan da ke juyawa. Wannan hanyar ce ta yi nasara. BBC ta fara watsa shirye-shirye a kai a kai ranar 2 ga Nuwamba, 1936, ta dakatar a 1939 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, ba ta dawo ba sai 1946.

Dabarar dai ɗaya ce har yau. Kyamara tana yanyanka hoto zuwa layuka, a aika su ɗaya bayan ɗaya, akwatin gida ya sake jera su da saurin da ido ba zai lura ba. Na Baird layi 30 ne kacal. Na BBC ya koma 405. Tsarin PAL da Najeriya ta ɗauka layi 625 ne, da hoto 25 a kowane daƙiƙa. Wanda kuke kira HD yau yana kaiwa 1080, 4K kuma 2160. Shi ya sa idan kuka ci karo da tsohon wasan kwaikwayo a YouTube kuke ganinsa kamar an shafa masa toka.

Zuwanta Najeriya

Siyasa ce ta kawo ta. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Obafemi Awolowo a rediyo, Awolowo ya nemi a ba shi damar mayar da martani aka hana shi. Da tsarin mulki ya ba jihohi ikon kafa tashoshinsu, sai gwamnatinsa ta Jihar Yamma ta buɗe WNTV a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959. Inugu ta biyo baya a 1960. Arewa ma ba ta tsaya kallo ba: a 1962, zamanin Sardauna Sa Ahmadu Bello, aka buɗe tashar Kaduna ƙarƙashin kamfanin BCNN, wadda aka sani da RKTV.

Hoto mai kala kuwa daga Jos ya fara, a tashar Binuwai-Filato, a tsakiyar shekarun 1970. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe duk tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukuma ɗaya, NTA. Bayan dawowar farar hula a 1979 jihohi suka sake kafa nasu. A Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV don tunawa da shi.

Ku sani fa, a lokacin ba wai ka kunna duk sa'ar da ka ga dama ba ne. Sai da yamma ake buɗe tasha, a rufe da dare da taken ƙasa. Unguwa guda kan iya samun akwati ɗaya ko biyu, yara su yi dafifi a tsakar gidan mai shi, wani ya hau katanga yana juya eriya, ana yi masa ihu daga ciki cewa ta kama ko ta gudu.

Gwanayen farko

Nan ne ya kamata duk mai son fim ɗin Hausa ya tsaya ya kula. Kafin a san Ali Nuhu ko Adam A. Zango, akwai Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama. Tsohon soja ne na gaske, ya ɗauko rayuwar bariki da Hausar sojoji mai gauraye da Turanci ya mayar da su abin dariya, har waɗanda ba sa jin Hausa sosai suna kallonsa. Ya rasu a 2023. Akwai Ƙasimu Yero na Karambana, wanda ya fito a wasan Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn na Turanci. Ya rasu a 2017. Akwai Umaru Ɗanjuma Katsina, Kasagi, da Karkuzu daga Jos.

Wasanninsu ba su da rawa da waƙar soyayya irin ta yau. Barkwanci ne da hannunka-mai-sanda: cin hanci, auren dole, kai yara makaranta, zaman kishiyoyi. A ganina ta fuskar iya zance da sarrafa harshe, har yanzu kaɗan ne suka kamo ƙafarsu. Mawaƙa ma sun amfana, domin mutanen da suka daɗe suna jin muryar Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos a rediyo, a talabijin da yawansu suka fara ganin fuskokinsu.

A ɗaya ɓangaren, tashoshin suna saka finafinan Indiya. Matan aure da 'yan mata da ba a bari su je silima, sai ga Amitabh Bachchan da Hema Malini har ɗaka. Da na'urar bidiyo ta kaset ta yaɗu, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka ga ba dole sai sun jira tasha ta ba su fili ba. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Salon wasa daga talabijin, rawa da waƙa daga Indiya, kasuwa daga kaset.

Dish, dikoda da dawowar fim gida

A 1992 aka kafa hukumar NBC, aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi, AIT ta fara aiki a 1996. Sai zamanin tauraron ɗan'adam, dish ya cika rufin gidaje, aka samu Africa Magic Hausa a DStv, StarTimes ma ta shigo da dikoda mai sauƙin kuɗi. A 2014 Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye da Hausa dare da rana, da tallafin gwamnatin Amurka a farkonta. Da satar fasaha da tura fim a waya suka kashe kasuwar faifan CD, masana'antar ta koma inda ta fito: shiri mai dogon zango. Daɗin Kowa, Kwana Casa'in da Labarina duk a talabijin suka yi suna, Zafafa Goma kuma ya zama dandalin mawaƙan zamani.

Sauyin da ake ciki yanzu shi ne komawa tsarin dijital, wanda aka ƙaddamar a Jos a 2016. A tsohon tsari kowace tasha tana cinye zango guda ita kaɗai, a sabon kuwa ana matse hoton ya zama lambobi, tashoshi da dama su shiga zango ɗaya. Babu sauran yayyafin nan na allo: ko hoto ya fito tas, ko ya daskare. Tsohon akwati sai an haɗa shi da dikoda kafin ya kama.

Abin da ya fi damun masu bin tarihin fim shi ne ajiya. Kaset yana da tsada a da, don haka tashoshi kan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai; ita kanta BBC ta rasa shirye-shirye masu yawa ta haka. Wanda ya tsira kuma zafi da ƙura da laima suna cinye shi a hankali, injinan da ke karanta shi ma an daina ƙera su. Idan akwai tsohon kaset na Samanja ko Karkuzu a adakar gidanku, ku nemi mai na'urar mayar da shi kan kwamfuta tun zaren bai manne ba.