Tarihin Tashar Görlitz da Lambun da Ya Gaje Ta

A unguwar Kreuzberg ta birnin Balin, fadar mulkin Jamus, akwai wani lambu mai faɗin hekta 14 wanda mutanen wurin ke yi wa laƙabi da Görli. Duk mai basirar da ya dubi siffarsa, ya ga yadda ya miƙe dogo siriri, zai fahimci cewa ba don shan iska aka yanka wannan fili tun asali ba.

Asalinsa tashar jirgin ƙasa ce, wadda wani attajiri mai suna Bethel Henry Strousberg ya ɗauki nauyin gina ta tare da hanyar dogon da ta tashi daga nan zuwa garin Görlitz, maginin da ya tsara fasalin tashar kuwa shi ne August Orth. Jirage sun fara tashi daga cikinta a 1866, shekarar da Prusiya ta gwabza yaƙi da Ostiriya, har ma sojoji ne aka fara ɗiba tun ginin bai kammala ba. A ƙarshen 1867 hanyar ta isa Görlitz. Shi Strousberg, wanda a zamaninsa ake kira sarkin dogo saboda yawan hanyoyin da ya shimfiɗa, bai daɗe bisa wannan martaba ba, domin a 1875 ya karye, aka tsare shi a Rasha, ya rasu cikin talauci a 1884. Kafin rasuwarsa hukumar Prusiya ta riga ta karɓi hanyar.

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa tashar rauni, amma siyasa ce ta ƙarasa ta. Da aka raba Balin, sai tashar ta faɗo a ɓangaren Yamma, alhali kuwa dogon da ke ciyar da ita ya ratsa cikin Gabas, kuma hukumar jiragen Jamus ta Gabas ce ke da ikon tafiyar da shi, ta yadda masu iko da jirgin ba su da muradin kai fasinja gidan abokan hamayya, masu iko da unguwar kuma ba su da hannu a kan jirgin. A watan Afrilu na 1951 jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi. Bayan an gina katangar Balin a 1961 aka shiga rushe ginin, ba a bar kome ba sai 'yan rumbunan kaya. Duk da haka jiragen kaya sun ci gaba da tsallako gadar da ke bakin iyaka, suna kawo gawayi, har zuwa 1985.

A cikin waɗannan shekaru Kreuzberg ta zama lungu, katanga ta tokare ta, gidajenta suka tsufa, haya ta yi araha, saboda haka ma'aikatan da aka ɗebo daga Turkiyya da ɗalibai da sauran masu ƙaramin ƙarfi suka cika ta. Filin tashar kuma ya zama matattarar gawayi da tsofaffin ƙarafa, har mai ya jiƙe ƙasarsa. A ganina, wannan wulaƙanci shi ne ya tsare filin, domin da a tsakiyar kasuwa yake, da tuni masu kuɗi sun kafa benaye a kansa. Mazauna unguwar, waɗanda 'ya'yansu ba su da wurin wasa sai bakin titi, su ne suka dage da kai kuka ga hukuma, suka kafa gonar yara mai awaki da kaji a gefe guda, har daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara gyaran ƙasar ana dashen itatuwa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wani faffaɗan kwari da ke tsakiyar lambun, inda jama'a ke kishingiɗa bisa ciyawa lokacin zafi. Dā can wata hanyar ƙafa ce ta ratsa ƙarƙashin dogo, doguwa, mai duhu, mai zarni, wadda masu bi ke toshe hanci. Da aka ɓarke rufinta sai aka bar guntayen bangonta a fili, yara na hawa suna dira. A inda ginin tashar ya tsaya kuwa, gidan ninƙaya ne yanzu.

An kuma yi wani aikin da bai yi albarka ba. Don girmama Turkawan unguwa, aka gina maɓuɓɓugar ruwa mai matakala bisa kwaikwayon Pamukkale ta ƙasarsu, da wani farin dutse na Fotugal wanda bai san sanyin Jamus ba. Hunturu ya farfasa shi, aka killace wurin shekara da shekaru ana shari'a, daga bisani aka rushe shi a 2009.

Mas'alar da ta addabi lambun a yau ita ce cinikin wiwi da sauran kayan maye, wanda 'yan sanda suka sha yi wa dirar mikiya ba tare da ya gushe ba. A 2023 magajin garin Balin, Kai Wegner, ya ba da sanarwar za a kewaye shi da shinge a riƙa kulle shi da dare, amma hukumar unguwar da da yawa daga mazaunanta suka ƙi amincewa, suna kafa hujja da cewa masu sayarwar za su koma ƙofofin gidajensu ne kawai.