Ɗan Adawa ko Abokin Gāba?

Kalmar "adawa" baƙuwa ce a bakinmu. Daga Larabci ta zo, ma'anarta a can kuwa ƙiyayya ce. In tsoho a Zangon Kwatano ya ce akwai adawa tsakanin gida biyu, yana nufin ba sa ga maciji da juna. Daga baya gidajen rediyo suka ɗauke ta, suka laƙaba wa jam'iyyar da ba ta riƙe da mulki. Ga kalma ɗaya da kaya biyu, sau da yawa kuwa mai mulki ne yake zaɓen wanda za a sauke.

A nan Benin mun ga haka da idonmu. Mathieu Kerekou ya ƙwace mulki a 1972, a 1975 kuma aka kafa jam'iyya ɗaya tak, PRPB. Duk wanda ya ce uffan, sunansa maƙiyin juyin juya hali. Da sojojin hayar Bob Denard suka dira a filin jirgin saman Kwatano ranar 16 ga Janairu, 1977, sai abin ya ƙara tsanani, gama yanzu ana iya haɗa mai gunaguni da baƙi masu bindiga. An tsare ɗalibai da malamai a kurkukun Segbana, can arewa.

A Fabrairun 1990 aka yi babban taron ƙasa a otal ɗin PLM Aledjo, Bishop Isidore de Souza yana shugabanta. Waɗanda suka dawo daga gudun hijira suka zauna ɗaki ɗaya da waɗanda suka kore su. Kerekou ya amince da shawarar taron. A 1991 Nicephore Soglo ya kā da shi a zaɓe, ya sauka. A 1996 shi ma ya kā da Soglo. Kowannensu dai ya ɗanɗana zama a waje, ba wanda aka ɗaure.

A ganina "abokin hamayya" ya fi dacewa da irin wannan, kamar 'yan kokawa da sukan gaisa bayan an tashi. "Magabci" kuwa, Littafi Mai Tsarki ya riga ya ba Iblis wannan suna, ya yi wa maƙwabci nauyi.

Amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. A zaɓen majalisa na 2019 jam'iyyu biyu kaɗai aka bari suka tsaya, dukansu na goyon bayan Shugaba Patrice Talon. A watan Mayu aka yi tarzoma a Kwatano, sojoji suka yi harbi, aka rasa rayuka.