Daga Molai zuwa Gidajen Marayu: Tarihin Kula da Kutare da Yara Masu Ƙanjamau a Maiduguri

Tun kafin a kafa Yerwa a 1907, lokacin da fadar Shehun Borno ta baro Kukawa ta zauna a inda ake kira Maiduguri a yau, al'ummar wannan yanki tana da tsarinta na ɗaukar nauyin masu cutar kuturta, kuma tsarin bai wuce sadaka ba. Kuturu yakan zauna a bakin kasuwa ko a ƙofar masallacin Juma'a, a jefa masa abin da ya samu, kuma a manyan garuruwan Arewa akan naɗa Sarkin Kutare, wanda yake sasanta rigingimun jama'arsa, yake kuma magana da yawunsu a gaban hukuma. Wannan tsari ya hana mutane da yawa mutuwa da yunwa, amma bai warkar da kowa ba, kuma ya mayar da ciwon kansa jarin mai shi, domin gwargwadon munin dungu, gwargwadon tausayin mai bayarwa.

Kuturta cuta ce da wata ƙwayar bakteriya take haddasawa, wadda likita Gerhard Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873. Tana iya kwanciya a jiki shekara biyar ko fiye kafin ta bayyana, kuma ɓarnarta mafi girma ita ce kashe jijiyoyin da suke sa mutum ya ji zafi. Shi ya sa mace mai ɗauke da ita kan sauke tukunya daga murhu da hannu tsirara ba ta san ta ƙone ba, manomi kuma ya wuni da ƙaya a tafin ƙafa, har wurin ya zama gyambo, gyambon ya ci ƙashi. Yatsun da jama'a suke zaton cutar ce ta gutsure su, yawanci raunukan da ba a ji ba ne suka cinye su a hankali.

Sauyi na farko ya zo ne a shekarun 1930. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a cikin masarautun Musulmi, don kada su ɓata da sarakuna, amma da yawan kutare ya fi ƙarfin asibitocin En'e, wato hukumomin gargajiya, sai aka amince mishan su karɓi aikin. Ƙungiyar Sudan Interior Mission ta karɓi Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, ita kuwa Sudan United Mission, wadda Karl Kumm ya kafa a 1904, ta sami Molai, ƙauyen da yake kudu da Maiduguri a kan hanyar Damboa, a ƙarshen waɗannan shekaru. Kafin nan cocin 'Yan'uwa ya riga ya buɗe irin wannan matsuguni kusa da Garkida a 1929. Ba a ɓoye yake ba cewa mishan sun ɗauki aikin kuturta a matsayin ƙofar shiga ƙasar da aka rufe musu, kuma wannan ya sa iyalai da dama suka riƙa ɗari-ɗari da kai majinyatansu. Amma gaskiya ce kuma cewa babu wanda ya yi takara da su wajen wanke miki da ɗaure shi.

Kuɗin aikin daga nesa yake zuwa. Wani kaso yana fitowa daga baitulmalin En'e, sauran kuma daga tara gudummawa a majami'un Ingila da kuma ƙungiyar agajin kutare ta daular Birtaniya da aka kafa a 1924, inda ake nuna wa masu bayarwa hotunan majinyata, a karanta musu wasiƙun likitoci. Matsugunin kutare na wancan zamani ya fi kama da ƙauye fiye da asibiti: akwai gonaki da makaranta da wurin koyon sana'a, masu ƙarfi suna noma abin da za a ci, kuma a irin waɗannan wurare akan raba jarirai da iyayensu mata don gudun kamuwa, a rene su a wani sashe dabam, su tashi kamar marayu alhali iyayensu suna raye. Maganin da ake da shi a lokacin shi ne allurar man calmugura, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiyar Asiya, allura mai raɗaɗi wadda amfaninta bai taka kara ya karya ba.

A ƙarshen shekarun 1940 likita John Lowe ya nuna a Uzuakoli, a gabashin Najeriya, cewa ƙwayar dafson mai araha tana kashe cutar, kuma daga nan aka fara ba da magani a ƙananan ɗakunan shan magani na karkara ba tare da an killace mutum ba. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗa dafson da wasu magunguna biyu, wanda yake warkarwa cikin wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. A 1998 Najeriya ta sauko ƙasa da majinyaci ɗaya cikin mutum 10,000, sai masu bayarwa suka fara juya baya, alhali har yanzu ana samun sababbin kamuwa kimanin 2,000 a shekara, kuma tsofaffin da suka warke suna nan da nakasarsu, suna bukatar takalmi mai taushin ciki da man shafawa da wanda zai duba musu tafin ƙafa kowace rana. Molai ta koma babban asibiti a hannun gwamnatin jiha, daga baya kuma mayaƙan Boko Haram, waɗanda rikicinsu ya ɓarke a 2009, suka kai wa garin hari fiye da sau ɗaya.

Ana cikin murnar ja da bayan kuturta ne ƙanjamau ta shigo, wato cutar da take karya garkuwar jiki, wadda aka ba da rahoton ɓullarta a Najeriya a 1986. Maiduguri, da yake mahaɗa ce ta fatauci da Chadi da Kamaru da Nijar, ba ta tsira ba, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya zama cibiyar gwaji da ba da magani. Nan ma kuɗin daga waje ya zo, daga Asusun Duniya da aka kafa a 2002 da shirin PEPFAR na Amurka na 2003. Uwa mai ɗauke da ƙwayar tana iya sa wa jaririnta a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono, da yiwuwar kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari idan ba a yi komai ba, amma da magani yiwuwar takan faɗo ƙasa da kashi 5.

A nan ne tsohon tsarin sadaka ya gaza. Kuturta ciwo ne da ido yake gani, don haka hannun mai bayarwa yana isa gare ta. Ƙanjamau kuwa sirri ce da iyali suke ɓoyewa, kuma abin da aka ɓoye ba a roƙa masa taimako. A al'ada kawu ko gwaggo ko kaka ne suke ɗaukar riƙon maraya, amma idan aka ji abin da ya kashe iyayen, sau da yawa akan ware wa yaron kwanonsa da tabarmarsa. Kakar da ta riƙe shi takan ɓoye katin asibitin a ƙasan akwati, ta narka masa ƙwayar a ruwa kafin makwabta su tashi, ta ce masa maganin ƙarin jini ne. Masu tallafi na waje suna biyan magani da gwaji, amma kuɗin Keke Napep zuwa asibiti da abincin da jikin yaron yake bukata suna wuyan tsohuwar. Maraya ba ya cikin rukunoni takwas na masu cin zakka da sunansa, sai dai ya shiga ta ƙofar talauci, kuma ba a kafa wakafi, wato dukiyar da ake tsayarwa don amfaninta ya riƙa gudana, mai ƙarfin da zai ɗauki irin wannan nauyi ba.

Borno ta nuna cewa ana iya tara taimako daga gida. Lauya Zanna Mustapha ya buɗe makarantar marayu ta Future Prowess a Maiduguri a 2007 da yara 36, daga baya ya haɗa 'ya'yan ɓangarorin biyu na rikicin Boko Haram a aji ɗaya, har ya sami lambar yabo ta Nansen a 2017, gwamnatin jiha kuma ta gina manyan makarantu don marayun yaƙi. Sai dai marayan yaƙi ana iya nuna shi a taron neman gudummawa, na ƙanjamau kuwa ba a iya ambatar sunansa, ko da yake dokar hana tsangwamar masu cutar tana nan tun 2014. A farkon 2025 Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje, kuma a daidai wannan lokaci Najeriya ta shafe kusan shekara guda ba ta karɓi maganin kuturta ba, sai a watan Maris na 2025 kayan suka iso. Attajiran Borno da masallatanta da majami'unta ne ya kamata su ɗauki abinci da makaranta da kuɗin motar waɗannan yara da tsofaffi, ba tare da sun nemi a nuna musu fuskar mai karɓa ba.